Jarin Waje da Masana'antu a Kaduna

Jarin waje a Kaduna shi ne kuɗi da injina da ƙwarewar da kamfanonin ƙetare suka zuba a birnin da kewayensa, tun daga masaƙun shekarun 1950 har zuwa kamfanonin abincin kaji na 'yan shekarun nan. Masu nazarin tattalin arziki sun daɗe suna kafa misali da Kaduna, saboda gari ne da aka ga tashin masana'antu da faɗuwarsu cikin rayuwar mutum ɗaya. Abin da rubuce-rubucensu suka fi komawa a kai shi ne cewa baƙon da ya kawo jarinsa nan bai taɓa zuwa shi kaɗai ba. Kullum akwai gwamnati a gefensa, ko ta saka kuɗi, ko ta ba da fili, ko ta tsare masa kasuwa da harajin kwastan.

Asali

Kaduna ba tsohon birnin fatauci ba ne irin Kano ko Zariya. Turawan mulki ne suka zaɓi wurin, a ƙasar Gwari cikin masarautar Zazzau, suka dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Ruwan kogi da layin dogo ne suka ja su. Dogon da ya taso daga Baro ya isa Kano a 1911, na gabas kuma daga Fatakwal ya zo ya haɗu da shi a Kaduna wajen 1927.

Auduga tana nan kusa. Ƙungiyar noman auduga ta Ingila ta kafa injin gurza a Zariya tun wajen 1912, kuma ƙasar Zariya da Funtuwa da Malumfashi da Gusau ita ce cibiyar nomanta. Sai dai shekara da shekaru ana ɗaure ta ana kai wa masaƙun Ingila, ta dawo a matsayin yadi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu hukumomin sayen amfanin gona suka riƙa sayen auduga da gyaɗa a hannun manomi ƙasa da farashin kasuwar duniya, suna tara rarar. Masanin tattalin arziki Gerald Helleiner, a nazarinsa na 1966, ya nuna yawan abin da aka tara ta wannan hanya. Daga wannan rara gwamnatin Arewa ta samu abin da ta saka a masana'antun farko, wato manomin karkara yana cikin masu jarin Kakuri ko da ba a rubuta sunansa ba.

Zamanin masaƙu

A tsakiyar shekarun 1950 gwamnatin Sardauna, Sir Ahmadu Bello, ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin David Whitehead and Sons na Ingila. Gwamnati ta kawo kuɗi ta hannun hukumominta, kamfanin ya kawo nasa kason da injina da manajoji. Masaƙar Kaduna Textiles, wadda kowa ke kira KTL, ta fara aiki a Kakuri a 1957, ita ce babbar masaƙar zamani ta farko a ƙasar. Da akoko ta fara, yadin talaka wanda ake rini da shi, ake kuma yin likkafani.

Cikin shekara goma wasu suka biyo baya. Nortex da Norspin sun zo a farkon shekarun 1960. United Nigerian Textiles, wato UNTL, an kafa ta a 1964 da jarin Cha Chi Ming, ɗan kasuwar Sin mai mazauni a Hong Kong, ta kuma shahara da buga atamfa. Daga baya ita ce ta fi kowace girma, har ta yi rassa a Funtuwa da Gusau da Ikorodu. Arewa Textiles ta fara aiki wajen 1965 da jarin gungun masaƙun Japan, tare da reshen Bankin Duniya mai ba kamfanoni rance. Ingila, Sin da Japan ke nan a unguwa ɗaya, katanga kusa da katanga.

Me ya kawo su? Peter Kilby, wanda ya nazarci masana'antun Najeriya na 1945 zuwa 1966, ya ce yawancinsu ba arhar aiki suka biyo ba. Kasuwarsu suka zo karewa. Kamfanin da ya saba aiko da yadi Najeriya ya ga gwamnati na ƙara haraji a kan na shigowa, ya kuma san idan abokin hamayyarsa ya riga shi kafa masaƙa a cikin gida, an rufe masa ƙofa ke nan. Gara ya tsallako katangar ya zauna a ciki. Wannan bayani ya yi daidai da abin da ya faru daga baya, domin jarin da katanga ta kawo, ranar da katangar ta rushe ba abin da zai tsayar da shi.

A shekarun 1970 zuwa farkon 1980 Kaduna ta Kudu ta cika ta batse. Ana aiki dare da rana, kashi uku. Idan jiniyar canjin aiki ta yi kuka, titin Kakuri sai ya toshe da kekuna, masu fita da ƙurar auduga a gashin kai, masu shiga da kwanon abinci ɗaure a bayan sirdi, masu tuwo da masu shayi sun jeru a bakin ƙofa suna rubuta bashi zuwa ƙarshen wata. Unguwanni irin Makera da Nasarawa da Kurmin Gwari da albashin masaƙa suka ginu, kuma ma'aikatan daga ko'ina suke: Kudancin Kaduna, Binuwai, Filato, Kogi, har Bendel ta wancan lokaci. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da teloli ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978, a Kaduna ta ajiye hedkwatarta. Adams Oshiomhole daga Arewa Textiles ya fito kafin ya zama babban sakatarenta a 1982.

Masana biyu 'yan ƙasar Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, sun yi shekaru suna bin wannan ƙungiya. A littafinsu na 1998 sun kwatanta Kaduna da Kano. A Kano masaƙu ƙanana ne, na Kwarori da attajiran gari, ma'aikaci yana shiga ta hannun wani, kukansa ma ta hannun wani yake kaiwa. A Kaduna kuwa manyan kamfanoni ne na gwamnati da baƙi, ƙungiya ce ke zama da manaja a yi ciniki a rubuce. Sun ga cewa ƙungiyar ta ƙara ƙarfi a daidai lokacin da ake rage ma'aikata, abin da mutane da yawa ba su zata ba.

Sauran masana'antu

Kamfanin ƙera makamai na DICON an kafa shi a 1964 da taimakon Fritz Werner na Jamus ta Yamma. Peugeot na Faransa ya fara harhaɗa motoci a Kakuri a 1975, aka yi shekaru ana ɗauko sassan ta jirgin sama daga Lyon zuwa Kano, a ƙaraso da su ta mota. Ƙirar 504 ta zama motar gwamnati da ta 'yan tasha. An sayar da hannun jarin gwamnati a kamfanin Peugeot ɗin a 2006, AMCON, hukumar gwamnati mai karɓar basussukan da suka gagari bankuna, ta karɓe shi a 2012 saboda bashi. Matatar mai, wadda Chiyoda na Japan ya gina, an buɗe ta a 1980.

Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun rage kason baƙi a takarda, amma injina da manyan kujerun fasaha sun daɗe a hannunsu. Dokar 1995 ta sake ba baƙo damar mallakar kamfani ɗari bisa ɗari.

Kasuwanci da durƙushewa

Matsalar ta fara tun kafin a ga yadin Sin a kasuwa. Kuɗin mai ya janye mutane daga gona, noman auduga ya faɗi a ƙarshen shekarun 1970, masaƙun da aka kafa domin audugar gida suka koma sayo ta daga waje. Da farashin mai ya karye a farkon shekarun 1980 sai kuɗin ƙetare ya yi wuya, lasin shigo da kaya ya zama sai mai uwa a gindin murhu. Gwamnati ta ce kowane kamfani ya nemi kayan aikinsa a gida, wasu masaƙu suka karɓi manyan filaye suka shiga noma da kansu. Andrae da Beckman sun yi rubutu a kan wannan a 1987, suna shakkar ko gonar kamfani za ta maye gurbin ƙaramin manomi.

Shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya rushe hukumar auduga, ya kuma karya naira. Kuɗin da yake kusan kunnen doki da dala a 1985 ya koma wajen naira 4 a dala ɗaya a 1987. Duk wani ƙarfen gyara da sinadarin rini ya ninka kuɗi. Wasu masaƙu sun ɗan farfaɗo ta hanyar sayar da atamfa ga maƙwabta masu kuɗin sefa, amma ba a daɗe ba. Najeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, aka ɗage haramcin shigo da yadi wajen 1997. Tun daga nan ake sakawa ana ɗagewa, kuma ko an saka, kaya na sauka a tashar Kwatano, ya bi ta Nijar, ya shigo ta Maraɗi ko Damagaram, ya ƙare a Kantin Kwari. John Igué da Bio Soulé sun kira Benin ƙasar sito a nazarinsu na 1992, domin wani babban kaso na kuɗin shigarta daga kayan da ake tsallakar da su Najeriya yake fitowa. Har zanen atamfar Kaduna ake kwaikwaya a buga a Sin da tambarinta a gefe.

A cikin gida kuma wutar NEPA ba tabbas, kowace masaƙa sai da janareta, tukunyar tururi kuma sai da baƙin mai, wanda daga matatar Kaduna ake samu. Duk ranar da matatar ta tsaya, sai an yo dakonsa daga kudu. KTL ta rufe a ƙarshen 2002, Arewa ta bi ta bayan 'yan shekaru, UNTL ta tsaya a 2007 ta sallami dubban ma'aikata, sannan ta sake buɗewa a 2010 da rancen Bankin Masana'antu ba tare da ta koma ƙarfinta na da ba. Salihu Maiwada na Jami'ar Ahmadu Bello da Elisha Renne sun rubuta tarihin wannan faɗuwa a 2013. Renne ta kuma bi sawun iyalan ma'aikatan KTL da suka rasu suna jiran haƙƙinsu na sallama.

Fili

Dokar ƙasa a Arewa ta girmi masaƙu. Dokar 1910 ta sa dukkan ƙasa a hannun gwamna a matsayin amana, aka sabunta ta a 1962, kuma a kanta aka ɗora dokar amfani da ƙasa ta 1978 wadda ta game Najeriya duka. A ƙarƙashinta mutum ba ya mallakar ƙasar kanta, izinin zama yake samu, yawanci na shekara 99, kuma ba ya sayarwa ko jinginarwa sai da yardar gwamna. Idan gwamnati ta karɓi gona, diyyar shuka da itatuwa da gini take biya, ban da ta ƙasar.

Wannan a takarda ke nan. A ƙauye kuwa an daɗe ana gado da aro da haya da jingina da saye. David Norman da abokan aikinsa na cibiyar binciken noma ta Samaru sun auna gonaki a ƙauyuka uku na Zariya, Ɗan Mahawayi da Doka da Hanwa, a tsakiyar shekarun 1960 (Hanwa yanzu gari ya cinye ta). Wata mai bincike, Polly Hill, ta samu a Batagarawa ta Katsina cewa ana sayar da gona a fili, kuma mai ƙaramin ƙarfi ne ya fi sayarwa ga mai hali.

A bayan garin Kaduna ma haka cinikin yake har yau. Mai gona ya yanka ta fuloti-fuloti, ƙafa 50 a 100. Dillali ya kawo mai saye, a zagaya a nuna masa iyaka, a kafa turaku, a je gaban mai unguwa da shaidu a rubuta takardar ciniki, dillali ya karɓi la'adarsa. Mai saye kan yi sauri ya zuba bulo ko da layi biyu ne, don kada a sayar wa wani a bayansa. Satifiket sai daga baya, in ma an nema. Adadin da aka fi ambata tun zamanin kwamitin gyaran tsarin filaye na 2009 da Akin Mabogunje ya shugabanta shi ne ƙasa da kashi 3 cikin ɗari na filayen Najeriya ke da rajista. Masu bin ra'ayin masanin tattalin arziki Hernando de Soto na cewa rashin takarda ne ke hana talaka kai filinsa banki ya ci rance. Wasu nazarce-nazarcen da aka yi a Afirka sun samu cewa takardar kaɗai ba ta sa banki ya buɗe ƙofa.

Daga 2015

Gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta kafa KADIPA domin jawo masu jari, da KADGIS domin rajistar filaye a kwamfuta, ta kuma fara taron masu zuba jari na KadInvest a 2016, shekarar da jirgin ƙasa na Abuja, wanda kamfanin CCECC na Sin ya gina, ya fara tsayawa a Rigasa. Kamfanin Olam mai hedkwata a Singafo ya buɗe injin abincin kaji da wurin ƙyanƙyasa a ƙaramar hukumar Chikun a 2017. An buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu a Kakuri a farkon 2018. Rahoton Bankin Duniya na wannan shekara ya sa Kaduna a gaba wajen sauƙin rajistar kadara. Rancen dala miliyan 350 da bankin ya amince wa jihar a 2017 ya gamu da turjiya a Majalisar Dattawa a 2018 kafin ya wuce daga baya.

Sabon jarin ya fi neman fili da masara da waken suya fiye da hannun ma'aikata. Ana saɓani a kan yawan ayyukan da ya samar, da bambancin alkawarin da ake yi a taro da kuɗin da ya sauka, da kuma rusau da diyyar manoman da aka tasa. Harin da aka kai wa jirgin Abuja a ranar 28 ga Maris 2022 ya tsayar da zirga-zirgarsa har zuwa Disamban shekarar.