Littattafan Koyon Tsara Fuskar Manhaja

Fuskar manhaja ita ce abin da mutum yake gani kuma yake taɓawa idan yana aiki da kwamfuta, waya ko shafin intanet, kamar maɓallai, rubutu, launuka da jerin zaɓi. Masu tsara ta suna dogara da ilimin sauƙin amfani, wanda ke auna ko mai amfani ya biya buƙatarsa ba tare da ya sha wahala ba. Littattafan da aka fi tura ɗalibin fannin gare su ba su da yawa, kuma galibinsu sun girmi wayar zamani.

Wanda aka fi farawa da shi shi ne The Design of Everyday Things na Don Norman, Ba'amurke masanin yadda tunanin ɗan Adam ke aiki. Ya fito a 1988 da sunan The Psychology of Everyday Things, daga baya aka sauya masa suna, aka kuma sabunta shi a 2013. Ba zancen kwamfuta ne ya cika shi ba. Ƙofofi ne, da murhun girki, da famfo, da makunnin fitila. Hujjar Norman ita ce, idan mutum ya ja ƙofar da ya kamata ya tura, laifin na wanda ya sa mata mariƙi ne, domin mariƙi ja yake kira. Har yau ana kiran irin wannan ƙofa da sunan Norman. Yana cikin waɗanda suka yi nazarin ɗakin sarrafa tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke Amurka bayan haɗarin da ya auku a can a 1979, inda ya ga tsarin allunan da kansa yana jefa ma'aikata cikin kuskure. Wannan littafi ya cancanci a karanta shi a natse, har sau biyu.

Jakob Nielsen, ɗan ƙasar Denmak, ya fi karkata ga gwaji da awo. Littafinsa Usability Engineering ya fito a 1993, a 1994 kuma ya fitar da ƙa'idoji 10 na duba fuskar manhaja waɗanda ake koyarwa har yanzu. Shi da Norman suka kafa kamfanin Nielsen Norman Group a 1998. A wata maƙala ta 2000 Nielsen ya nuna cewa gwaji da mutum 5 kan bankaɗo kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani.

Mai gaggawa sai ya ɗauki Don't Make Me Think na Steve Krug, na shekarar 2000, gajere ne da ake gamawa a zama ɗaya. Krug ya lura cewa mutane ba sa karanta shafin intanet, ido kawai suke ratsawa da shi su danna abin da ya fara yi musu kama da abin da suke nema. Bugun 2014 ya ƙara babi kan wayar hannu.

About Face na Alan Cooper, na 1995, yana da kauri, ya fi dacewa da wanda ya riga ya fara aiki yana neman bayani dalla-dalla kan halayen maɓallai, tagogin da ke buɗewa a allon kwamfuta da saƙonnin kuskure.