Makin GMAT: Ma'anarsa, da Abin Yi Idan Bai Kai Yadda Aka So Ba

Duk wanda ya taɓa zama da masu neman gurbin karatun MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, ya san yadda haruffan nan huɗu, GMAT, sunan jarrabawar da makarantun kasuwanci ke auna masu neman shiga da ita, suke hana su barci. Za ka ji mutum ya ce "na faɗi GMAT", jikinsa duk ya yi sanyi. To, maganar tasa ma da gyara. Ba a faɗuwa GMAT, ba a kuma cin ta, domin ba ta da makin tsallakewa. Lamba kawai take ba ka, kowace makaranta kuma ita ke yanke wa kanta darajar wannan lambar. Makin da ya sa wani kuka, da shi wani ya samu gurbi a wata makarantar.

Asalin jarrabawar daga Amurka ne. A 1953 makarantun koyon kasuwanci guda tara suka haɗa kai don samar da ma'auni ɗaya na gwada masu neman shiga, tunda ɗalibai suna fitowa daga jami'o'i daban-daban, wata hannunta a sake wajen ba da maki, wata a damƙe. An fara zana ta a 1954, ta ɗauki sunan GMAT a 1976, kuma hukumar GMAC ce ke da ita. A tsarinta na yanzu, wanda aka fara a watan Nuwamban 2023, sassa uku ne: lissafi mai tambaya 21, fahimtar rubutu da auna hujja mai tambaya 23, sai nazarin alƙaluma da jadawali mai tambaya 20. Kowane sashe minti 45, gaba ɗaya awa biyu da kwata.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne yadda ake fitar da makin. Ba ƙirga amsoshin daidai ake yi a raba da jimilla ba, irin yadda aka saba a aji. Tun 1997 a kwamfuta ake yin jarrabawar, kuma kwamfutar tana bin sawunka ne: ka amsa daidai, ta miƙo maka wadda ta fi wuya, ka kuskure, ta sassauta. So take ta gano iyakar ƙarfinka, ta tsaya a nan. Shi ya sa kusan kowa yake fitowa yana jin an wahalar da shi, gwani da ɗan koyo, don kowa an kai shi bakin iyakarsa. Shi ya sa kuma mutum biyu za su kuskure tambaya shida-shida amma makinsu ya yi hannun riga, saboda ɗaya a kan masu wuya ya kuskure, ɗayan a kan masu sauƙi. Kuskure a kan tambaya mai sauƙi ya fi ciwo. Barin tambayoyi ba amsa don lokaci ya ƙare shi ma yana da tara mai nauyi. Wanda ya maƙale minti shida a kan tambaya ɗaya don ya rantse sai ya ga bayanta, sau da yawa ita ce ke cinye masa uku na ƙarshe.

Sai batun sikeli, kuma a nan ne ake yawan baƙin cikin da ba shi da dalili. Tsohuwar jarrabawar daga 200 zuwa 800 take. Sabuwar daga 205 zuwa 805, kuma duk makinta da 5 yake ƙarewa, da gangan, don a bambanta su. Da yake lambobin sun yi kama, sai mutane su ɗauka abu ɗaya ne. Ba haka ba ne. A jadawalin daidaitawa da GMAC ta fitar, 645 a sabon tsari daidai yake da 700 a tsohon. Shekara da shekaru 700 ita ce lambar da kowa ke buri, ta zauna a ƙwaƙwalwar mutane daram. Saboda haka wanda ya samu 655 yau, ya kwatanta da 710 ɗin da abokin aikinsa ya samu a 2019, yana iya kwana da takaici alhali kafaɗa da kafaɗa suke. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Abin dubawa shi ne ɗaya lambar da ke gefen makin, wadda ke nuna kashi nawa cikin ɗari na masu zana jarrabawar ka wuce.

Haka ma alƙaluman da makarantu ke wallafawa game da ɗaliban da suka ɗauka. Idan makaranta ta ce makin tsakiya na ajinta kaza ne, ma'anarsa in aka jera ɗaliban layi, na tsakiya ke nan. Kusan rabin ajin suna ƙasa da shi, kuma suna cikin ajin a zaune. Da yawa daga makarantun suna bayyana tazarar makin, daga ƙasa zuwa sama, kuma wannan tazarar ta fi faɗa maka gaskiyar matsayinka. Ban da maki, makarantun suna duba sakamakon digirin farko, shekarun aiki da abin da aka yi a cikinsu, wasiƙun shaida daga shugabanni a wurin aiki, rubutun da mutum ya yi a kan kansa, da ganawar baka. Amma kada in yi maka daɗin baki: maki yana da nauyi. Yana shiga lissafin da wasu mujallu ke yi wajen jera makarantu, don haka makarantu na kula da shi, kuma wajen rabon tallafin karatu yakan yi tasiri sosai. Mai neman gurbi kawai da mai neman gurbi haɗe da tallafi ba buƙatarsu ɗaya ba.

To, maki ya fito, bai yi daɗi ba. Makin wucin gadi yana bayyana a allo da zarar ka gama, kana zaune a kujerar, kai ya yi zafi. A ganina babu shawarar da ta kamata a yanke a wannan ranar, ko ta sake rajista ko ta haƙura da karatun ɗungurungum. Dokar jarrabawar ma ta tilasta jira: sai bayan kwana 16 ake sake zama, kuma ba a wuce sau biyar cikin wata 12. Wani abin kwantar da hankali shi ne a sabon tsarin sai ka ga makinka kafin ka zaɓi makarantun da za a aika wa, kuma rahoton da za su gani na zaman da ka zaɓa ne kaɗai. Mummunan zama yana iya tsayawa tsakaninka da kwamfutarka.

Bayan 'yan kwanaki cikakken rahoto yakan iso, kuma shi ne ya cancanci a zauna da shi. Kowane sashe yana da nasa makin, daga 60 zuwa 90, ga bayanin irin tambayoyin da suka kayar da kai da yawan lokacin da ka ɓata a kan kowace. Tambayar da za ka yi wa kanka ɗaya ce: wannan makin ya yi kama da abin da nake samu a gwaje-gwajen gida? Idan a gwajin gida da GMAC ke bayarwa kana samun 655 sau uku a jere, ranar jarrabawa ka samu 585, matsalar ba ta ilimi ba ce. Firgici ne, ko rashin barci, ko rashin iya rabon lokaci, kuma sake zama da wuri yana da ma'ana. Idan kuwa a gida ma 585 ɗin kake samu, ka dai shiga ne da fatan sa'a, to jarrabawar ba ta zalunce ka ba, gaskiya ta faɗa. Sake zama bayan kwana 16 da irin shirin jiya zubar da kuɗi ne, ga shi rajistar ta haura dala 250. Irin wannan watanni yake buƙata, da canza salon karatu: a daina tara tambayoyi ɗari-ɗari ana wucewa, a riƙa rubuta kowane kuskure da dalilinsa. (Akwai kuma masu gwajin gida suna dakatar da agogo su sha ruwa su dawo, sannan su yi mamakin abin da ya faru a zaure.)

Tazarar maki goma ko ashirin ba ta cancanci wata uku na rayuwar mutum ba. Kowace jarrabawa tana da ɗan tangal-tangal a ma'auninta. Mutum ɗaya zai zauna yau da gobe ya samu lambobi biyu mabambanta ba tare da ya ƙaru ko ya ragu ba, kuma masu tantancewa sun san da haka. Lokacin da za a kashe wajen farautar maki goma, gara a zuba shi a rubutun neman gurbi.

Akwai wasu ƙofofin. Mafi yawan makarantun kasuwanci yanzu suna karɓar wata jarrabawar, GRE ta hukumar ETS, wadda ke ba da na'urar lissafi a sashen lissafinta, abin da GMAT ba ta yarda da shi ba sai a sashen alƙaluma; sai dai ita kuma tana matsa wa mutum a kan sanin kalmomin Ingilishi masu wuya. Ga manyan ma'aikata masu neman MBA na shugabanni, GMAC tana da wata gajeriyar jarrabawa ta minti 90. Wasu makarantun ma suna yafe jarrabawar ga wanda takardunsa suka nuna ƙarfinsa a lissafi. Kuma da yake manyan makarantun Amurka zagaye-zagaye suke karɓar takardu, na farko wajajen Satumba, na biyu wajajen Janairu, wanda makinsa ya ba shi kunya a Agusta yana da wata huɗu a gabansa kafin zagaye na biyu. Makin da ya samu a lokacin kuma zai yi masa aiki har shekara biyar.