Mai fatsa ba shi da fifiko a kan ruwa: abin da dokar hana karon jiragen ruwa ta tanada

Da asuba, kafin gari ya gama wayewa, wani kwale-kwale ya kashe inji ya bar ruwa na jan sa a hankali. Mutum uku ne a ciki, kowa idonsa na kan zaren fatsarsa. Can daga baya wani ya taho a guje yana sauri ya riga kowa isa inda kifi ke taruwa. Goshin jirginsa ya ɗaga sama saboda gudu, shi kuma matuƙin ya sunkuya yana kallon na'urar gano kifi. Idan suka yi karo, abin da mutanen jirgin farko za su fara faɗa shi ne, "Ai kamun kifi muke yi, shi ya kamata ya kauce mana." Doka ba ta yarda da wannan hujjar ba, kuma rashin sanin haka na jefa masu kamun kifin nishaɗi cikin haɗari.

Dokar da ake magana ita ce ƙa'idojin hana karo a teku, waɗanda ma'aikatan jiragen ruwa ke kira COLREG. An amince da su a Landan ranar 20 ga Oktoba 1972 ƙarƙashin hukumar sufurin jiragen ruwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda yanzu ake kira IMO, suka fara aiki ranar 15 ga Yuli 1977. Sun shafi kowane jirgi a teku da duk ruwan da ya haɗu da teku wanda manyan jirage ke iya bi. Koguna da tafkuna kuwa, sashe na 1 ya bar wa kowace ƙasa ta yi nata dokokin, amma su yi kusa da waɗannan gwargwadon iko. A Najeriya wannan aikin hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa ne, wato NIWA, mai hedkwata a Lokoja.

To, wane ne "mai kamun kifi" a idon doka? Sashe na 3 ya ce shi ne jirgin da ke su da taru ko mamari ko wani kayan da ya ɗaure shi har ba zai iya juyawa yadda yake so ba. Sashen ya fito fili ya cire mai jan zaren fatsa a bayan jirgi, da duk mai kayan da ba su hana shi motsi ba. Masuncin da ya shimfiɗa taru mai tsawo ba zai iya nannaɗe shi cikin minti guda ba, shi ya sa sashe na 18 ya ce jirgi mai inji ya kauce masa. Shi ma masuncin sai ya nuna alama: da dare jar fitila a sama da fara a ƙasanta idan ba jan koma yake yi ba. Mai sandar fatsa kuwa yana iya janye zarensa ko ya yanke shi ya ta da inji, don haka doka ta ɗauke shi kamar kowane jirgi.

Akwai wani tarko kuma a sashe na 3. Jirgi "yana kan tafiya" muddin bai jefa anga ba, ba a ɗaure shi a gaɓa ba, bai kuma kafe a ƙasa ba. Ke nan wanda ya kashe inji ruwa na jan sa, kan tafiya yake, kuma sashe na 5 na kansa. Wannan sashen jimla ɗaya ce tak: kowane jirgi, a kowane lokaci, ya sa ido ya kasa kunne, ya yi amfani da duk abin da yake da shi don gane ko akwai haɗarin karo. A jirgin mutum uku, ma'anarsa ɗaya daga cikinsu ya riƙa ɗaga kai yana duban gaba da baya da gefe. Idan kifi ya kama fatsa kowa ya ruga gefe guda yana ihu, a daidai lokacin ne babu mai kallon ruwa.

Yadda ake gane karo na tafe ba ya bukatar na'ura. Ka daidaita jirgin da ke matsowa da wani abu a jikin naka jirgin, kamar sandar rumfa, kada ka motsa kanka, kada kuma jirginka ya sauya hanya. Idan yana zamewa gaba da sandar, zai wuce ta gabanka. Idan yana zamewa baya, zai bi ta bayanka. Idan ya tsaya cak a saitin sandar amma yana ƙara girma, kuna kan hanyar haɗuwa a wuri guda. Abin da sashe na 7 ke nufi ke nan, kuma ya ƙara da cewa in kana shakka, ka ɗauka haɗarin na nan.

Sai batun wa zai kauce. Idan jirage biyu masu inji suka fuskanci juna gaba da gaba, kowa ya karkata dama, su wuce juna hagu da hagu. Idan hanyoyinsu sun gitta, wanda ya ga ɗan'uwansa a damarsa shi ne zai ba da hanya, ya rage gudu ko ya karya dama ya bi ta bayansa, ba ya yi tseren wucewa ta gabansa ba. Mai son wuce wani daga baya, shi ke da nauyin kaucewa har sai ya wuce ya yi nisa, ko da wane irin jirgi yake tuƙawa. Kaucewar kuma ta zama da wuri, ta zama babba yadda ɗaya matuƙin zai gane ta da ido. Masu murɗa sitiyari kaɗan-kaɗan suna ganin sun kauce, amma na can bai ga komai ya sauya ba, sai ya firgita ya karya ta inda bai kamata ba.

Wanda aka ba hanya bai tsira daga nauyi ba, nan ma mutane na kuskure. Sashe na 17 ya ce da farko ya riƙe hanyarsa da gudunsa, don kada ya rikita mai kaucewa. Idan ya ga na can ba ya yin abin da ya dace, yana da damar kaucewa da kansa, sai dai kada ya karya hagu zuwa ga jirgin da ke hagunsa. Idan abin ya matso har kaucewar mutum ɗaya ba za ta isa ba, to ya zama dole ya yi duk abin da zai hana karon. Shi ya sa a shari'ar karon jirage aka saba raba laifi tsakanin ɓangarori biyu.

Doka ba ta yanke lambar gudu ba. Sashe na 6 ya ce gudun ya zama wanda za ka iya tsayawa ko ka kauce cikin tazarar da kake gani, la'akari da hazo, cunkoso, iska, taguwar ruwa da hasken fitilun gaɓa. Ga lissafi mai sauƙi. Fitilun gefe na jirgin da bai kai mita 12 ba, mil ɗaya na teku doka ta ce a hango su, wato mita 1,852. Jirage biyu masu gudun kilomita 37 a awa, suna fuskantar juna, za su cinye wannan tazarar cikin daƙiƙa 90. Cire lokacin da matuƙi zai ɗauka kafin ya tabbatar fitilar jirgi ce ba ta wani gida a bakin ruwa ba. Jirgin ruwa ba shi da birki, kuma yawancin masu injin baya ba sa juyawa sosai da zarar an saki maƙura, domin turin farfela ne ke juya su.

Fitilu daga faɗuwar rana ne zuwa fitowarta, da duk lokacin da hazo ko ruwan sama ya rufe gani. Kore a dama, ja a hagu, fara a baya da kuma sama. Jirgin da bai kai mita 12 ba yana iya haɗa farar sama da ta baya ya sa fara guda da ake gani ta ko'ina. Wanda bai kai mita 7 ba, kuma iyakar gudunsa bai wuce kilomita 13 a awa ba, farar kaɗai ta isa, amma ya ƙara na gefe in zai yiwu. Mai tuƙi da filafili ya riƙe tocila ko fitila mai farin haske a kusa, ya haska da wuri. Amfanin launukan shi ne suna gaya maka abin yi: ka ga ja tana gittawa daga damarka, kai ne mai kaucewa. Ka ga ja da kore tare, kai tsaye yake nufo ka. Masu kashe fitila don kada su kori kifi, ko masu liƙa fitilun ado shuɗi da ja a jikin jirgi, suna ɓata wannan karatun ne ga kowa.

Busar ham ma magana ce. Gajera guda, kamar daƙiƙa ɗaya: ina karyawa dama. Biyu: hagu. Uku: injina na ja da baya. Biyar ko fiye a jere da sauri: ban gane nufinka ba, ko ina ganin ba ka kauce yadda ya isa ba. Doguwa guda, daƙiƙa huɗu zuwa shida, ita ake busawa a kwanar da ba a ganin abin da ke bayanta, kuma cikin hazo mai inji da ke tafiya yana maimaita ta ba tare da ya bar fiye da minti biyu tsakani ba. Ƙaramin jirgi da ba shi da ham dole ya tanadi wani abu mai ƙara, ko da usur ne.

Mashigar manyan jirage na jan masu fatsa, domin kifi na son bakin zurfi. Sashe na 9 ya hana jirgin da bai kai mita 20 ba tare hanyar wanda ba zai iya fita daga mashigar ba, ya kuma ce a guji jefa anga a cikinta. A nan ko masuncin taru na ainihi ba shi da fifiko. Katon jirgin dakon kaya na iya cin fiye da kilomita kafin ya tsaya, kuma daga ɗakin matuƙinsa ba a ganin kwale-kwalen da ya shiga ƙarƙashin goshinsa.

Idan karon ya auku duk da haka, abu biyu ke raba mai rai da gawa. Na farko rigar kariya da ke jikin mutum a ɗaure, domin wanda ya bugu ya suma ba zai ciro ta daga ƙarƙashin benci ba. Na biyu igiyar kashe inji da matuƙi ke ɗaurawa a hannu ko a riga. In ya faɗa ruwa ba tare da ita ba, injin na ci gaba da aiki, jirgin yakan karkata ya riƙa zagaye, ya dawo da farfela kan waɗanda ke cikin ruwa. A Amurka, tun 1 ga Afrilu 2021 dokar tarayya ta wajabta ɗaura ta ga matuƙin jirgin nishaɗi da bai kai ƙafa 26 ba idan yana gudu.