Kwansaltan na hawan jinin ido: wane ne shi, me ke wuyansa?

Idan aka rubuta wa majiyyaci a kati cewa ya dawo ranar da kwansaltan ke zama, ana nufin babban likitan da hukunci na ƙarshe yake hannunsa a wannan sashe. A asibitin ido, ɗaya daga cikin waɗannan manya shi ne mai kula da gulukoma, ciwon da aka fi sani da hawan jinin ido. Sunan yana ruɗa mutane, domin ba jini ne ke hawa ba. A gaban ƙwayar ido akwai wani ruwa garai-garai da ido ke samarwa kullum, yana fita ta wata 'yar matata a kusurwar da baƙin ido ya haɗu da farinsa. In matatar ta toshe ko ta yi sanyin aiki, sai ruwan ya taru, matsi ya ƙaru, jijiyar gani ta fara mutuwa sannu a hankali. Mutum na iya samun jininsa daidai a awo alhali idonsa na ciki yana lalacewa.

Kafin likita ya kai wannan matsayi a Najeriya, sai ya yi shekara 6 a makarantar likitanci, shekara guda ta sanin makamar aiki, sannan bautar ƙasa. Daga nan ya shiga horon ƙwarewa a fannin ido na shekaru da dama, ya ci jarrabawar Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa ko ta Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma. Wanda zai keɓanta da gulukoma yakan ƙara shekara ɗaya ko biyu, wasu a asibitin Aravind da ke Indiya. Shi ya sa ba su da yawa, kuma an fi samunsu a manyan wurare irin Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da asibitocin koyarwa. Shi daban ne da mai awon ido da ke yanka tabarau, daban kuma da nas ɗin ido, ko da yake aikinsa ba ya tafiya sai da su.

Aikinsa na farko shi ne tabbatar da ciwon, kuma awon matsi kaɗai bai isa ba. Matsin ido na lafiya yakan tsaya tsakanin 10 da 21 a ma'auni, amma akwai mai 17 da jijiyarsa ke ci gaba da mutuwa, akwai mai 24 da babu abin da ya same shi. Don haka sai ya haɗa abubuwa da yawa. Zai ɗiga maganin kashe zafi, ya taɓa gaban idon da kan na'urar Goldmann ya karanta matsin. Zai ɗora wani ɗan madubi a kan idon ya leƙa kusurwar da ruwa ke fita, ya ga a buɗe take ko a rufe, domin maganin biyun ya bambanta. Zai duba kan jijiyar gani: tsakiyarta akwai ɗan rami, wanda ke faɗaɗa yayin da zaren jijiya ke mutuwa, har ya cinye gefen. Sai gwajin faɗin gani, inda majiyyaci ke kafa ido a wuri ɗaya cikin na'ura yana danna maɓalli duk sanda ya hango ɗigon haske. Gwajin farko sau da yawa ba ya yin kyau saboda mutum bai saba ba, likitan da ya san aiki ba ya yanke hukunci a kansa sai an maimaita. Akwai kuma awon kaurin fatar gaban ido, domin mai siririyar fata na'ura kan nuna matsinsa ƙasa da yadda yake a gaskiya.

Inda girmansa yake bayyana shi ne tsayar da matsin da ake so idon ya sauka zuwa gare shi. Wannan lamba ta kowa daban ce. Ga sabon kamu, akan nemi rage kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na matsin da aka samu. Ga wanda ya zo da ido ɗaya ya riga ya tafi, ɗayan kuma saura gani kamar ta bakin bututu, sai a nemi 12 ko ƙasa. Yana duba shekarun mutum ma: ɗan shekara 40 idonsa na da doguwar tafiya a gaba, ba za a yi masa sassaucin da za a yi wa ɗan 85 ba.

Irin waɗanda suka zo bayan ciwon ya riga ya ci gani su suka fi cika layi a asibitocinmu. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna kusan kashi 5 cikin ɗari na 'yan shekara 40 zuwa sama suna da gulukoma, kuma ita ce ta biyu wajen makanta bayan yanar ido. Mafi yawansu ba su san suna da ita ba, tunda ba ta ciwo, kuma daga gefe take fara cin gani. Yanar ido akan cire ta mutum ya gani. Abin da gulukoma ta ci kuwa ba ya dawowa. Faɗa wa majiyyaci wannan gaskiyar tun ranar farko na wuyan kwansaltan. Wanda aka bari yana zaton magani zai buɗe masa ido, bayan wata uku zai ajiye kwalbar ya ce ba ta aiki, wani ma ya faɗa hannun masu kwantar da yanar ido da tsinke.

Maganin ɗigawa shi ne matakin farko a yawancin wurare. Timolol yana da araha, sau biyu a rana, amma ba a ba mai asma ko mai jinkirin bugun zuciya, shi ya sa likitan ido ke tambayar ƙirji. Latanoprost sau ɗaya ne da dare, ya fi ƙarfi, ya fi tsada, kuma kwalbar da ba a buɗe ba sanyi take so, abin da ke zama matsala a watan Afrilu in babu wuta. Ƙwayar acetazolamide na saukar da matsi da sauri, sai dai tana sa jin kamar ana tsira allura a yatsu, ana kuma taka-tsantsan da ita ga mai sikila da mai ciwon ƙoda. Ɗigo ɗaya ya isa. A rufe ido, a danne gefensa na wajen hanci da yatsa minti biyu don kada maganin ya gangara maƙogwaro, in magani biyu ne a bar minti biyar tsakani. Da azumi akan mayar da lokutan sahur da buɗa baki maimakon a daina.

In matsi ya ƙi sauka, tambayar farko ba wane magani za a ƙara ba ce, sai dai ko ana ɗigawa kuwa. Da yawa sukan saya ne kwana biyu kafin ranar asibiti, matsi ya fito da kyau a awo, gwajin faɗin gani kuma ya nuna ɓarna ta ƙaru. A nan ne ake duba wasu hanyoyi. Akwai hasken leza da ake harbawa a matatar cikin mintuna kaɗan, ba yanka. Wani bincike da aka yi a Moshi ta Tanzaniya, wanda ya fito a 2021, ya nuna ya fi timolol riƙe matsi bayan shekara guda. Tasirinsa kan ragu da shekaru, amma ana iya maimaitawa.

Fiɗar da aka fi yi ita ce buɗe wa ruwan sabuwar ƙofa a farin ido, ƙarƙashin fatar ido ta sama, inda yake taruwa ya zama ɗan kumburi kafin jiki ya shanye shi. Abokin gabar wannan aiki shi ne warkewa. Jiki yana ganin ƙofar a matsayin rauni, sai ya rufe ta da tabo, kuma hakan ya fi faruwa ga baƙar fata da matasa. Don haka ake shafa mitomycin C, maganin da ke hana tabo, lokacin aikin, sannan a makonnin farko likita na ganin majiyyaci akai-akai, yana sassauta zare ko ya ƙara allura. Wanda aka yi wa fiɗa ya koma ƙauye bai dawo ba sai bayan wata biyu, sau da yawa an yi aikin banza. In ƙofar ta yi yawan zuba kuma, matsi ya faɗi ƙasa sosai, gani ya dushe. In ta rufe gaba ɗaya, sai a koma ga dasa ɗan bututun da ke fitar da ruwan, irin wanda ake kira bututun Ahmed.

Wurin kwansaltan ake turo masu wuya: jaririn da idonsa ya yi girma yana hawaye yana gudun haske, wanda fiɗa ce maganinsa; mai ciwon suga da sababbin jijiyoyin jini suka toshe masa matata; yaron da aka shekara ana saya wa ɗigon dexamethasone a kemis saboda ƙaiƙayi har matsinsa ya hau. Sai kuma na gaggawa, wanda kusurwarsa ta rufe farat ɗaya, ido ja, kai na sarawa, yana amai, matsi ya haura 50. Wannan sa'o'i ake ƙirgawa, a saukar da matsin sannan a huda ɗan rami da leza, har da ɗaya idon.

Ragowar lokacinsa na tafiya ne wajen koyar da ƙananan likitoci a ɗakin fiɗa, bin sakamakon ayyukan sashe, da tsara wanda zai dawo bayan wata uku da wanda zai iya jiran shekara. Kafin majiyyaci ya tashi kuma yakan ce masa ya turo 'yan'uwansa na jini da 'ya'yansa da suka manyanta a auna su, domin ciwon yana bin gida.