Mene ne sikizofireniya, kuma yaya likita ke gane ta?

A bakinmu, duk wanda ya fara surutai shi kaɗai ko ya daina wanka, sai a ce ya samu taɓin hankali, magana ta ƙare. A asibiti kuwa taɓin hankali iri-iri ne, kuma ɗaya daga cikin masu nauyi shi ne wanda likitoci ke kira sikizofireniya. Wani likitan ƙasar Suwizalan, Eugen Bleuler, ne ya raɗa sunan a 1908, yana nufin yanayin da tunanin mutum da abin da yake ji a ransa da abin da yake aikatawa suka daina tafiya tare. Sama da mutum miliyan 20 ke fama da ita a duniya. Yawanci tana bayyana ne daga ƙarshen ƙuruciya zuwa wajen shekara 30, ta fi saurin kama maza da wuri.

Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da zai nuna ta. Idan likita ya sa a ɗebi jini, wata cutar yake nema ya kawar. Da tambaya da saurare da lura ake gane ta. Littafin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013, DSM-5, ya kawo alamomi biyar: yarda da abin da ba haka yake ba ta yadda hujja ba ta girgiza mutum, jin muryoyi ko gane-gane, maganar da ba kai ba gindi, birkicewar ɗabi'a ko sandarewa, da dusashewar walwala da himma. Sai an samu aƙalla biyu tsawon wata guda, ɗayarsu ta kasance cikin ukun farko, kuma damuwar ta kai wata shida. Kundin Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-11, tsawon wata ɗaya kawai ya gindaya, ba shida ba.

Alama ta biyar ɗin nan, dusashewar walwala da himma, ita iyaye suka fi kasa ganewa. Saurayi da aka sani da fara'a sai ya daina zuwa majalisa, ya kulle kansa a ɗaki, a kai masa tuwo ya kwana a rufe. Aka gaishe shi ya amsa da kalma ɗaya, fuska ba yabo ba fallasa. Watanni ana ce masa malalaci ko mai girman kai, sai ranar da ya ce rediyo da shi take magana hankalin gida ya tashi.

Akwai wurin da ake bukatar likita ya san mutanen da yake dubawa. Wanda ya ce ya yarda akwai aljanu ko sammu bai nuna alamar cuta ba, domin abin da jama'arsa suka yarda da shi ne, kuma littattafan nan sun ja kunne a kan haka. Abin dubawa shi ne maganar da ko 'yan uwansa masu aƙida ɗaya da shi za su ce a'a, wannan ta wuce gona da iri, kamar ya dage cewa maƙwabta sun dasa masa na'ura a ka suna karanta tunaninsa.

Kafin a ambaci sunan cutar dole a tabbatar ba wani abu ne ya kawo ruɗewar ba. Zazzaɓi mai zafi na sa sambatu. Farfaɗiya, wiwi da sauran ƙwayoyi, ruɗewar da ke kama wasu mata bayan haihuwa, da ciwon da ke sa mutum ya hau sama da zumuɗi sannan ya faɗa baƙin ciki, duk suna iya kama da ita, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Shi ya sa nake jin takaici idan aka liƙa wa mutum wannan suna daga zama ɗaya, domin suna ne da ke bin sa har wajen neman aure da neman aiki.

Magani akwai shi tun 1952, lokacin da aka fara amfani da kuloforomazin a Faris, kuma da yawa suna samun sauƙi su koma sana'arsu. Ɗaure mara lafiya a mari kuwa ƙara masa azaba ne kawai. Mai kai ɗan uwansa asibitin ƙwaƙwalwa, na Kaduna ne ko Kware ko Maiduguri ko Dawanau, ya tafi da wanda ke kwana gida ɗaya da shi, wanda zai iya faɗin lokacin da abin ya soma, yadda barcinsa yake, abin da yake sha, da ko an taɓa samun irin haka a dangi.