Tara Tsofaffin Finafinan Shirye-shiryen Talabijin

Tara tsofaffin finafinan talabijin wata sha'awa ce da ke sa mutane bin sawun shirye-shiryen da aka nuna shekaru aru-aru, su sayi kwafinsu, su gyara, su adana. Fim a nan ba labarin ake nufi ba, shi kansa dogon zirin robar nan mai jerin hotuna ake nufi, wanda ake naɗewa a faifai a rufe cikin gwangwani, irin wanda dattawa suka sani a zamanin majigi. Yawancin na talabijin mai faɗin milimita 16 ne, girman da kamfanin Kodak ya fito da shi a 1923.

Asali

Kafin kamfanin Ampex ya fito da na'urar ɗaukar bidiyo a 1956, in ana son adana shirin da aka watsa kai tsaye sai a kafa kyamarar fim a gaban wani allo na musamman, ta ɗauki abin da ke fitowa. Ko bayan zuwan kaset ɗin bidiyo ba a daina ba, domin kaset na da tsada, kuma tsarin hoton talabijin ya sha bamban tsakanin ƙasashe. Fim kuwa ko ina ya je zai yi aiki. Shi ya sa BBC da kamfanonin Amurka suka riƙa sayar wa tashoshin ƙetare shirye-shirye a kan fim. Kwafi ɗaya kan yi ta yawo: wannan tasha ta nuna, ta tura wa ta gaba a wata ƙasa. Wadda ya ƙare a hannunta ana son ta mayar ko ta lalata shi. Ba kowa ne ya cika wannan sharaɗi ba, kuma wannan sakaci ne ya zama alheri, domin a can gida BBC ta yi ta goge kasakasanta tana ɗora sabon aiki a kai har zuwa ƙarshen shekarun 1970.

Abin da aka tsinta a Jos

A watan Oktoba na 2013 BBC ta sanar cewa an gano kashi tara na shirinta na wasan kwaikwayo mai suna Doctor Who da aka fid da rai da su, kuma a Jos aka same su, a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin. Wani Bature mai suna Philip Morris, wanda aikinsa ke nan bin ma'ajiyoyin tashoshi, shi ya ga gwangwanayen a kan kanta. Shirye-shiryen na 1967 da 1968 ne. Da samunsu adadin kashin da suka ɓace ya sauko daga 106 zuwa 97 a lokacin. Jos na bisa tudu mai tsawon kusan mita 1,200, kuma sanyinta ya fi zafin Legas ko Sakkwato sauƙi ga fim.

Abin da masu tarawa ke dubawa

Hanci ke fara aiki kafin ido. Fim ɗin da aka yi da robar asitet in ya sha zafi da danshi yakan soma ruɓewa, ya riƙa fitar da wari mai tsami irin na ruwan khal. Daga nan sai ya tsuke, ya lanƙwashe, ya ƙi bin haƙoran na'ura. Wannan cuta ba ta da magani, sai dai a rage mata gudu da sanyi da bushewar iska, a kuma ware mai ita daga sauran, don tururinta na kama na kusa. Masu launi kuma sukan koɗe su koma jaja-jaja, yayin da baƙi-da-fari ya fi jure shekaru. Ana duba ramukan gefe ko sun yage, da wuraren da aka yi ɗori, da layin sautin da ke bin gefen hoto. Ƙurar hunturu na karce hoto, gwangwani mai tsatsa kuma sai an sauya shi.

Tsawon fim ma shaida ne. Milimita 16 na cin ƙafa 36 a minti ɗaya, don haka shirin minti 25 yakan kai ƙafa 900. In ya gaza sosai, to an yanke wani abu. Bai kamata a ɗora kwafin da ba shi da na biyu a kan tsohuwar na'urar majigi ba, gara a ɗauki hotonsa zuwa kwamfuta tukuna. Mallakar gwangwanin kuma ba ta ba mutum haƙƙin mallakar shirin da ke ciki.

Namu na gida

Talabijin ta fara a Ibadan a 1959, ta iso Kaduna a 1962, kuma tashar Benue-Plateau ta Jos ce ta fara watsa hoto mai launi a Najeriya a tsakiyar shekarun 1970, kafin a kafa NTA a 1977. Abin da ke da ciwo shi ne shirye-shiryen baƙi sun zo mana a kan fim mai daɗewa, namu kuwa galibi kai tsaye aka watsa su, ko a kan kaset ɗin da ake gogewa a sake ɗauka. Mai neman tsofaffin wasannin Hausa irin na Samanja ko Karkuzu kaset zai bi, shi ma sai ya sami na'urar da za ta iya kunna shi.

Jos ce mazaunin Hukumar Finafinai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, da ma'ajiyar finafinai da sauti ta ƙasa, da Kwalejin Talabijin ta NTA. A ma'ajiyar hukumar ne aka sake gano fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976. Wata cibiyar finafinai ta Jamus mai suna Arsenal ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Jami'ar Jos ma tana koyar da aikin adana finafinai a matakin digiri na biyu, tare da haɗin gwiwar Jami'ar Goethe ta Frankfurt. Duk wanda ya ci karo da irin waɗannan gwangwanaye a kayan gado ko a wajen 'yan gwangwan, waɗannan wurare ne ya dace ya fara kai su a duba kafin ya warware ko da taƙi ɗaya.