BIM da Tarnaƙin Shari'a a Gine-ginen Haɗin Gwiwar Gwamnati da Kamfanoni

BIM tsari ne na tsara gini a kwamfuta tun kafin a haƙa tushe. Mai zane da injiniya da ɗan kwangila duk suna zuba aikinsu cikin samfuri guda: bango, bututun ruwa, wayar lantarki, har da farashin kaya. A 2011 gwamnatin Birtaniya ta sanar cewa daga 2016 sai da shi za a yi ayyukan gwamnatin tsakiya, kuma dokar sayayya ta Tarayyar Turai ta 2014 ta ba ƙasashe damar sharɗanta shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne takardar kwangila. An saba rubuta ta ne tun lokacin da kowa ke da zanensa a takarda, da sa hannunsa a ƙasa. Yanzu hannu ya yi yawa a samfuri ɗaya. In bututu ya ci karo da ginshiƙi, aka fasa aka sake, wa zai biya? Shi kansa samfurin na wa ne?

Shari'ar Trant, kamfanin da ke riƙe da kwangilar gini, da Mott MacDonald, kamfanin da ya ɗauka don zane, a Landan, a 2017, ta fito da matsalar fili. Aikin tashar lantarki ne na Ma'aikatar Tsaron Birtaniya a tsibiran Falklan, na fam miliyan 55. Da rikicin kuɗi ya taso, sai Mott MacDonald, mai riƙe da rumbun bayanan da zanen aikin ke ciki, ya toshe wa Trant hanyar shiga. Kotu ta ba da umarnin wucin gadi a buɗe, bisa sharaɗin Trant ya ajiye kuɗi a kotu.

Wannan ma ba aikin haɗin gwiwar gwamnati da kamfani ba ne. A haɗin gwiwa abin ya fi tsanani, saboda tsawon wa'adi. A tsarin PFI, wato gina wa gwamnati da kuɗin kamfanoni masu zaman kansu, wanda Birtaniya ta fara a 1992 ta kuma daina ba da sababbin ayyuka da shi a 2018, kamfani kan gina makaranta ko asibiti, ya kula da shi shekara 25 zuwa 30, sannan ya miƙa wa gwamnati. Kafin nan manhaja ta sauya, lasisi ya ƙare, wani kamfanin ma ya durƙushe, kamar babban kamfanin gine-gine na Birtaniya, Carillion, a Janairun 2018.

Don toshe wannan giɓi na kwangila, majalisar masana'antar gine-gine ta Birtaniya, CIC, ta fitar da ƙa'idar BIM a 2013, aka sabunta ta a 2018, shekarar da ma'aunin duniya na sarrafa bayanan gini, ISO 19650, ya fito. Sai dai ƙa'idar ba ta hawa kan kowa sai an shigar da ita cikin kwangilarsa, tun daga babban kamfani har ƙaramin ɗan kwangilar da ke sa tagogi.